Bado a tsakar gida: yadda ƙasa ta ci wa Kawu ruwa sau biyu a Damagaram

A ƙarshen watan Mayu Kawu ya aiko yaro ya kira ni gidansa da ke Sabon Gari. Ƙanen mahaifiyata ne, tsohon mushen lakwal, wato malamin makaranta, da ya yi ritaya. Ni kuwa sana'ata renon itatuwa da kayan lambu, shi ya sa duk abin da ya shafi shuka a dangi ni ake nema. Na tarar da shi tsaye bakin ɗan tafkin simintin da ya gina a bayan ɗakinsa, hannu a ƙugu. Ruwan ya yi kalar kunun kanwa, ko tafin hannunka ka nutsa ba ka ganinsa. Ganyen bado uku ne kawai a sama, su ma sun yi ɗorawa, gefensu ya ƙone.

"Ɗana, karo na biyu ke nan," in ji shi. "Ko dai bado ba ya son gidan mutane ne?"

Na ce, "Kawu, ruwa ba ya tsami banza. Gaya mini me ka zuba a gindinsa tun daga farko."

Na rubuta wannan lamari ne saboda tun daga lokacin mutum uku sun yi mini irin tambayar, kuma dukansu a wajen ƙasa suka yi tuntuɓe.

Tafkin da ruwansa

Tsawon tafkin mita 3, faɗinsa mita 2, zurfinsa santimita 60. In ya cika yana cin lita 3,600, wato bido 144 na lita 25. A wani gari wannan ba abin lissafi ba ne, amma duk ɗan Damagaram ya san darajar bido. Garin yana zaune kan dutse, ga manyan duwatsun nan da ke tsakanin gidajen Birni suna shaida, kuma ƙarƙashin irin wannan dutse ruwa kaɗan ne. Ruwan da muke sha daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Machaya ta kudu, da Arunguza da Ganaram ta arewa. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da ake faɗi na ɗauke hedikwatar mulkin mallaka daga nan zuwa Yamai a 1926. Damina daga Yuni zuwa Satumba take, ruwan sama na shekara bai cika wuce milimita 400 da ɗoriya ba. Da bazara kuwa rana tana iya shanye kusan santimita 1 a kowace rana daga buɗaɗɗen ruwa, wanda a tafkin Kawu ya kama lita 60, fiye da bido biyu kullum.

Saboda haka kowane kuskure da ya sa aka kwashe tafkin nan, da ruwa aka biya shi, mafi yawa kuma daga kurar ƴan garuwa, don a watannin famfon unguwar sai tsakar dare yake kawowa, in ya kawo.

Abu guda ya yi daidai ba da saninsa ba. Sabon siminti yana sakin farar ƙasa cikin ruwa, wadda ke ƙona saiwa ta kashe kifi. To shi da aka gama ginin a Janairu sai ya mayar da shi tankin ban ruwan bishiyoyinsa har wata biyu, a cika a ɗebe, a cika a ɗebe. Kafin ya dasa komai simintin ya wanku. Wannan ya sa tun da wuri na cire magini daga cikin waɗanda ake zargi.

Karo na farko: ƙasar lambu

Kawu manomi ne tun kafin ya zama mushe, kuma abin da noma ya koya masa shi ya yi. A watan Maris ya haɗa jigawar gonarsa kashi biyu da takin awaki kashi ɗaya, ya ƙara ɗan kashin kaji da dusar gero da ta ruɓe, irin haɗin da yake yi wa salati da tumatir su yi kyau. Ya shimfiɗe shi a gindin tafkin duka, kaurin kusan taƙi guda. Ya samo bado biyar daga wani tafki da ba ya ƙafewa, ya binne su, ya sake ruwa.

Ranar farko busasshen taki da ƙaiƙayi suka taso sama, yara suka yini suna kwashewa da rariya. Bado biyu suka tuge da kansu suna yawo, don jigawa in ta jiƙe ba ta riƙe komai. Cikin mako guda ruwan ya zama kore shar, gansakuka ta rufe shi. A mako na uku in ka caka sanda a gindi sai kumfa ta taso da warin baragurbi. Da ya zaro badon, saiwoyin sun yi baƙi sun narke kamar dafaffiyar kabewa. Hajiya, matarsa, ta ce ko dai a kwashe ko ta koma ɗakin ƙofar gida.

A nan ya kamata a tsaya, domin wannan shi ne kuskuren da kusan kowa ke yi, kuma mai yinsa yana da hujja. A lambu taki alheri ne saboda ƙasar tana numfashi: iska tana shiga tsakanin ƙwayoyinta, ƙananan halittun da ke ruɓar da taki suna samun iskar oksijin, su mayar da shi abincin shuka. Da zarar ruwa ya rufe ƙasa, lissafi ya sauya. Oksijin yana ratsa ruwa a hankali ƙwarai, kusan sau dubu goma ƙasa da yadda yake ratsa iska. Cikin kwana ɗaya ko biyu ɗan wanda ya rage a ƙasar ya ƙare, sai ƴar fatar sama kawai ke samu. Daga nan wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke karɓar aikin, su kuma abin da suke fitarwa ya haɗa da iskar nan mai warin baragurbi, wadda guba ce ga saiwa. Da yawan takin da yawan gubar. Zafin Afrilu, da ake haura digiri 40, ƙara wa abin sauri yake yi.

Kawu ya ce, to ai a daji cikin baƙar laka mai wari bado yake zaune lafiya lau. Gaskiya ne. Duk wanda ya yi wasa a bakin tafki yana yaro ya san in ka karya sandar ganyen bado za ka ga ƴan ramuka a ciki, har ka hura ta wannan gefe kumfa ta fito ta wancan. Ta waɗannan ramuka ganyen da ke shimfiɗe a sama yake aika wa saiwa iska. Bado da ya kafu, mai ganye goma a sama, yana da abin kare kansa. Wanda aka tuge jiya, saiwarsa da rauni, ganyensa ya yanƙwane a hanya, ba shi da shi. Sai ka tura shi cikin taki yana tafasa.

Koren ruwan kuma daga abincin da ya tsere ne. Naitirojin da fosforas na takin sun narke sun bazu cikin lita 3,600, kuma jigawa ba ta da abin da za ta kama su da shi. Bado ta saiwa yake ci, gansakuka kuwa kai tsaye daga ruwa. Duk abincin da ya fita daga ƙasa ya shiga ruwa, gansakuka aka dafa wa.

An kwashe, an wanke. Ruwan dai bai tafi banza ba, mangwaro da lemun gidan sun sha, ƙasar kuma ta koma fangalin salati inda ta dace tun asali.

Karo na biyu: lakar kwari

Tunanin da ya yi a karo na biyu ya fi kusa da gaskiya: tunda a laka bado ke fita, a kawo laka. Wani direba da ke bin hanyar Gure ya ce akwai wani kwari da ruwansa ya ja baya, laka ga ta nan kyauta, ya ciko masa buhu takwas daga busasshen gefen. Aka sake shimfiɗawa a gindi, aka dasa sabon bado huɗu, aka sake sayen ruwa.

Wannan karon babu wari, babu gansakuka sosai. Sai dai ruwan ya ƙi kwanciya. Mako ɗaya, biyu, uku, yana nan kamar an dama. Ya jefa alif, ya washe kwana biyu ya koma. Sabon ganye yana fitowa ƙarami, ɗorawa, jijiyoyinsa ne kawai kore. A wannan hali na same shi.

Ina cikin tambayoyi sai Hajiya ta leƙo daga madafa ta ce, "Kai dai duba ragowar ƙasar can. Tun da aka jibge ta awakina ba su da aiki sai lasa." Na je na duba. Saman tarin ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gari. Na ɗanɗana, ga ɗaci-ɗacin kanwa a harshe. Na tambayi Kawu ko direban ya ga bado a kwarin. Aka kira shi a waya, ya ce shi dai bai ga komai ba sai kachalla daga can ciki.

Kwarurrukan gabas, daga wajen Gure har ƙasar Manga, an san su da kanwa tun kaka da kakanni, fatake sun yi ta safararta zuwa Kano da kudu. Abin da ke cikin kanwa sodiyam ne, kuma yana yi wa tafki ɓarna ta fuska biyu. Ƙwayoyin yumɓu ƙanana ne ƙwarai, ba su kai kashi biyu cikin dubu na milimita ba, kuma ba sa nutsewa sai sun manne wa juna sun yi nauyi. Sodiyam raba su yake yi, kowace ta yi ta shawagi ita kaɗai, shi ya sa ruwan ba zai kwanta ba ko a shekara. Ta ɗaya fuskar, kanwa tana ɗaga awon da ake kira pH ya wuce 9, alhali bado ya fi jin daɗi a kusa da 7. In awon ya hau haka, sinadarin ƙarfe da ke cikin ƙasa yana ɗaurewa, saiwa ba ta iya jansa, ganye ya yi ɗorawa jijiya ta rage kore. Ƙari a kan haka, rana ruwa kawai take sha, kanwar tana nan. Kullum aka ƙara bido biyu aka ƙafe, abin ba raguwa yake yi ba.

Kwalabe huɗu da ruwan soɓo

Na ce wa Kawu kada a sake sayen ko bido ɗaya sai ƙasa ta ci jarrabawa a kwalba. Ya yi dariya ya ce yau ga ɗalibi yana ba mushe aikin gida.

Muka tara ƙasa iri huɗu: jigawar gonarsa, lakar kwarin da ta ba mu wahala, ƙasar wani tsohon suri da gara ta bari a bayan gari, da wata laka mai ruwan toka da na haƙo a gefen fadamar wani abokina a Miriya. A wajen ta Miriya na zaɓi gefen da ba a noma ba, ba a zuba taki ko maganin feshi ba, na kuma share taƙi guda na sama mai ciyawa da saiwoyi kafin na ɗiba.

Kowace muka cika sulusin kwalba da ita, muka ƙara ruwa, muka girgiza sosai, muka jera a kan katanga. Yashi shi ke fara zama, cikin minti ɗaya ko biyu. Mai laushi kamar gari tana biyo baya cikin ƴan sa'o'i. Yumɓu sai ya kwana ɗaya ko biyu. Jigawa kafin mu gama shan shayi ta zauna kusan duka, ruwan ya washe, alamar ba ta da yumɓun kirki. Ta Miriya ta yi hawa uku a fili, yashi bai kai rabi ba, kuma a kwana na biyu ana hango yatsa ta bayan kwalbar. Ta suri ta yi kusa da ita, sai dai ta fi ta danƙo. Ta kwari kuwa har mako ya zagayo tana nan kamar koko.

Sai gwajin hannu, wanda kowace mai ginin tukwane ta sani: a jiƙa ƙasa a murza ta kamar igiya, kaurin ɗan yatsa, a lanƙwasa. Jigawa ko murzuwa ba ta yi. Wadda ta lanƙwashe ta zama zobe ba tsaga, yumɓu ne tsantsa, ya fi dacewa da tulu. Abin da nake nema shi ne wadda za ta murzu, amma in an zo rufe zoben ta tsattsage. Irin wannan tana da nauyin da za ta danne saiwa, tana da yumɓun da zai riƙe abinci kada ya fita ruwa, kuma ba ta toshe har sabuwar saiwa ta kasa ratsawa ba.

Gwajin kanwa Hajiya ce ta kawo shi. Ina bayanin cewa ba ni da takardar awon pH a hannu, sai ta ce, "Yo in kanwa kake nema, ai soɓo ba ya ɓoye ta." Ta jiƙa ɗan soɓo ta tsinka shi sosai har ya zama ja-ja mai haske, domin in ya yi kauri tsaminsa zai rinjayi kanwar. Muka zuba a kofi huɗu, kowanne muka tsiyaya masa ruwan saman kwalba guda. Uku suka tsaya a jansu. Na kwari nan take ya dushe ya koma baƙi-baƙi mai ratsin kore. Abin da masana ke yi da ƴar takarda mai sauya launi ke nan, launin jan soɓo yana juyawa in ya gamu da kanwa. Ba zai ba ka lamba ba, amma a wannan aiki e ko a'a muke nema. Na kuma matsa lemun tsami a kan busasshen ɓarɓashin kowace: ta kwari ta yi ƴar kumfa tana tsuwa, sauran shiru.

Da za a tambaye ni, lakar tafkin da bado yake fita da kansa ita ma tana yi, wani lokaci har ta fi. Dalili biyu suka hana ni ɗebo ta. Na farko katantanwa: ƙananan nan na tafki su ke ɗauke da tsargiya, cutar fitsarin jini, kuma suna iya laɓewa cikin laka su jira ruwa. Gidan Kawu jikoki ne cike, ba wanda zai hana su tsoma ƙafa. Na biyu ƙwayar irin kachalla, wadda ba ta fi ƙura girma ba. Wanda ya ga yadda kachalla ta cinye bakin tafkuna irin na Gidimuni ba zai so ta a tsakar gidansa ba.

Dashe na uku

A ƙarshen Yuni, bayan ruwan sama na biyu, muka kwashe tafkin. Wannan ruwan ba mu ba bishiya ba, kwata ya tafi, don mai kanwa ne. Muka goge bango da gindi da tsintsiyar kwakwa.

Babban canjin shi ne ban yarda a sake shimfiɗa ƙasa a gindin tafkin ba. Shimfiɗar Kawu ta farko ta kusa lita 900 na ƙasa, bado huɗu kuwa ba sa bukatar ko kashi ɗaya cikin takwas na wannan. In ƙasa tana cikin mazubi, ranar da ta ɓaci mazubin za a ɗaga, ruwa yana nan. Bado saiwarsa gefe take bazuwa fiye da ƙasa, saboda haka mai faɗi ake so, kamar santimita 40, zurfi 20 zuwa 25, marar huji a gindi. Muka sayo bahon roba biyu a Kasuwar Dole, da kasko biyu na Miriya, garin da aka sani da ginin tukwane. Na zaɓi waɗanda suka gasu sosai, masu ƙara in an ƙwanƙwasa.

Haɗin: lakar Miriya kashi uku, jigawa kashi ɗaya. Mazubi guda muka yi shi da ƙasar suri kashi biyu, jigawa kashi ɗaya, don mu gani. Muka shanya lakar kwana huɗu, muka daka, muka tankaɗe da rariyar magina, duk wata saiwa da kara da ɓawo muka fitar. Taki ko cokali bai shiga ba. A nan muka yi doguwar gardama.

"Ɗana, shuka ba taki? Me za ta ci?"

"Za ta ci, Kawu, amma a ɓoye za mu ba ta."

Na ɗebi takin zamani mai lamba 15-15-15, ƙaramin cokalin shayi, na naɗe shi cikin yumɓu kamar curin fura ƙarami, na shanya ya bushe. Kowane mazubi curi biyu, can gindi, nesa da saiwa. Yumɓun yana sakinsa kaɗan-kaɗan, ƙasar da ke sama kuma ta tare shi. Kawu ya so a sa yuriya don ita ce a gida, na hana: narkewa take nan da nan, kuma a ruwa mai ɗumi tana iya zama abin da zai kashe kifi.

Ƙasar sai da muka kwaɓa ta ta yi kamar ta yaɓe, muka danna sosai don iska ta fita. Busasshiyar ƙasa in aka nutsa ta, kumfa ce za ta yi ta tashi tana watsa laka. Dunƙulen saiwar bado a tsakiya, saiwoyi a baje, idon da ganye ke fitowa a waje. A kai muka shimfiɗa tsakuwa kaurin yatsa biyu, wadda muka saya wajen masu fasa dutse muka wanke har ruwanta ya fita fari. A nan dutsen Damagaram ya yi mana rana, domin irinsa ba ya narkewa ya sauya ruwa. Duk da haka na ɗiga masa lemun tsami, bai yi kumfa ba. Da shi muka yi matashin da muka ɗora mazuban a kai, maimakon bulon siminti, yadda ruwan da ke bisa idon bai wuce santimita 15 zuwa 20 ba. Sai ganye ya kai sama ya yi ƙarfi ake rage dutse a sauke mazubi a hankali, har ruwan da ke bisa idon ya kai santimita 40.

Hajiya ta ce tunda ana rabo ita ma a sa mata kajiji, ta huta da sayen na turare. Shi nasa daban: rabi laka rabi jigawa, a ƙaramin baho a kusurwa, ruwa yatsa uku kawai bisa ƙasar. Yawo yake da saiwa, in aka haɗa shi mazubi ɗaya da bado zai mamaye. Kainuwa kuwa, dashen Allah, ba ruwanta da wannan dogon zance, saiwarta a ruwa take rataye. Na sa ƴan kaɗan cikin zoben tiyo don su tsotse abincin da ya tsere kafin gansakuka ta samu. Na gargaɗe su a riƙa ragewa duk mako, saboda saurin haihuwarta, kuma akwai wani irin sauro da tsutsarsa ke maƙalewa a saiwarta tana shaƙar iska daga nan.

Abin da ya biyo baya

Ruwan ya ɗan yi duhu kwana biyu ya washe. A mako na biyu ya yi kore kaɗan, Kawu ya kira ni hankali a tashe. Na ce kada a taɓa, sabon ruwa yakan yi haka kafin ganye ya rufe. Da ganyen ya kai rabin fuskar tafkin, inuwa ta hana gansakuka rana, ta ja baya da kanta.

Mazubi ɗaya ya mutu, kuma laifina ne. Wajen zuba tsakuwa na rufe idon, ban lura ba sai da kwana goma suka wuce ba sabon ganye. Da na tona ya riga ya ruɓe. Na ɗaga kaskon, na sa wani, ko bido ɗaya ba a zubar ba. Kawu bai bar ni na manta ba har yau.

Bayan wata guda muka saki ƴan karfasa shida saboda tsutsar sauro. Wani maƙwabci ya kawo tarwaɗa kyauta, na ce a kai ta tukunya, don da dare ɗaya za ta burkuta mazuban. Karfasar ma tana tono, tsakuwar ce ta hana ta.

Fure na farko ya fito a tsakiyar Agusta. Irin badon namu fari ne, ganyensa mai haƙora a gefe, kuma da dare yake buɗewa ya rufe da hantsi. Kawu ya yi kwana biyu yana ganin toho a rufe da rana yana cewa ya ƙi buɗewa, sai da ya dawo daga sallar asuba da tocila ya gan shi a baje. Kowane fure kwana uku zuwa huɗu yake yi ya nutse, a can ƙasa ya yi ƴaƴa. Na ƙara curin taki ɗaya a kowane mazubi a farkon Agusta, wani a Satumba, ina tura shi da yatsa har gindi in toshe ramin. Na ƙasar suri ya fi sauran faɗin ganye, amma ya makara wajen fure da kusan mako biyu. Mazubi ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, shi ya sa bana zan yi biyu-biyu.

Da hunturu ya shigo ganye ya ƙanƙance, fure ya tsaya, muka daina ba da taki. Matsalar lokacin ƙura ce da ganyen dogon yaron maƙwabta, da ke zubowa su taru a gindi su zama irin takin da muka gudu. Yaran gidan suna kwashe na sama da rariya kowace safiya, na gindi kuma ana zuƙe shi da tiyo sau ɗaya a wata a ba mangwaro, a mayar da sabon ruwa kamar bido goma. Wannan ɗan canjin yana kuma rage gishirin da ƙafewa ke tarawa.

A Maris mai zuwa za mu ɗaga mazuban mu raba saiwar, mu sake ƙasa, don ta shekara guda ta gaji. Na riga na yi wa abokina na Miriya magana ya bar mini gefen nan kada ya kai masa taki. Hajiya ta tuge kajijinta sau ɗaya, ta ce bai kai na kasuwa ƙamshi ba amma ta shanya. Kawu kuwa ranar Juma'ar da ta wuce na ga ya ajiye rabin buhun kashin awaki a jikin bangon tafkin. Ya ce na salati ne. Na ɗauke shi na kai bayan madafa.